Fokar Bidiyo: Tambayoyi da Amsoshi Kan Jadawalin Biya da Hawa-da-Saukar Kuɗi

Duk wanda ya taɓa sauka a filin jirgin Las Vegas ya ga na'urorin nan tun kafin ya ɗauki jakarsa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ake ta maimaitawa game da fokar bidiyo, musamman yadda na'ura biyu masu suna ɗaya da kama ɗaya ke cin kuɗin mutum da gudu daban-daban. An jera su daga mai sauƙi zuwa mai zurfi.

1. Mece ce fokar bidiyo, kuma me ya raba ta da sauran na'urorin gidan caca?

Wasan karta ne tsakanin mutum da kwamfuta. Na'ura ta raba maka kati 5 daga cikin 52, ka zaɓi waɗanda za ka riƙe, ta sauya maka sauran sau ɗaya tak, sannan ta biya ka gwargwadon abin da ya rage a hannunka. Babu abokin karawa, babu ruɗin baki, babu kallon ido. Ta bazu ne daga 1979, lokacin da kamfanin SIRCOMA na Si Redd ya fitar da Draw Poker a jihar Nevada. Kamfanin ne ya zama IGT daga baya.

Bambancinta da na'urar da ake jujjuya hotuna shi ne ba ta da asiri. A waccan ba ka san sau nawa kowane hoto ke fitowa ba. A wannan kuwa an san yawan katunan, an san hannun farko iri 2,598,960 ne kawai zai iya fitowa, kuma farashin kowane hannu na rubuce a kan allo. Mai lissafi zai iya fitar da ribar gidan caca tun bai saka ko santi ba.

2. Tunda akwai gwaninta a ciki, ta fita daga sahun caca ke nan?

Ba ta fita ba. Mutum ya ajiye kuɗinsa a kan katin da bai san ko zai zo ba, ya ci ko a ci shi: sunan wannan caca a kowane harshe. Gwaninta tana rage asara ne kurum, ba ta zaɓar katin da zai fito. Ga Musulmi hukuncin a fili yake a Suratul Baƙara aya ta 219 da Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91, kuma kyawun jadawalin biya bai sauya shi ba. Abin da wannan shafi ke bayani shi ne lissafin da ke cikin na'urar, wanda shi ne mai gidan caca ya fi so kada a kula da shi.

3. Yaya ake karanta jadawalin biya, kuma mene ne 9/6 da ake yawan ambata?

A ɗauki Jacks or Better, uwar sauran wasannin. A jadawalinta mafi kyau da aka saba gani, kowace kwandala ɗaya da ka saka tana dawo da 1 idan ka samu tagwayen manyan kati, wato Jak, Sarauniya, Sarki ko Es. Tagwaye biyu na biyan 2, uku iri ɗaya 3, jeri, wato kati biyar masu bin juna a lamba, 4, kati biyar masu alama ɗaya 6, cikakken gida, wato uku iri ɗaya haɗe da tagwaye, 9, huɗu iri ɗaya 25, jeri mai alama ɗaya 50. A can sama akwai jerin sarauta, daga 10 zuwa Es duk alama ɗaya, mai biyan 250, ko 800 ga wanda ya cika kwandala biyar (duba tambaya ta 9).

Lambobin 9/6 farashin cikakken gida ne da na alama ɗaya. Nan ne gidajen caca ke sa almakashi, domin ido na tafiya ne kan babbar lambar da ke sama, ba ya tsayawa a tsakiya. Kowanne daga cikin hannuwan biyu yakan zo kusan sau ɗaya cikin 90, saboda haka duk kwandala ɗaya da aka zare daga farashinsa tana rage wa ɗan wasa kusan kashi 1.1 cikin 100. Na'urar 9/6 tana mayar da kashi 99.54 na kuɗin da aka zuba mata, 9/5 tana mayar da 98.45, 8/5 kuma 97.30, 7/5 ta sauko 96.15, 6/5 ta tsaya a kan 95. Duk sunansu Jacks or Better, launinsu ɗaya, kiɗansu ɗaya, kuma ba abin mamaki ba ne a same su kafaɗa da kafaɗa a layi guda.

4. Bambancin kashi biyu ko uku cikin ɗari har ya kai a damu da shi?

Ya kai, saboda ba a kan kuɗin aljihunka ake cire kason ba, a kan duk abin da ya ratsa ta cikin na'urar ake cirewa. Wanda ke buga na'urar kwata, mai santi 25, da kwandala biyar, yana saka dala 1.25 a kowane hannu. Idan hannunsa ya saba, hannu 600 a awa ba wani abu ba ne. Dala 750 ke nan ta wuce ta cikin na'ura a awa guda, ko da dala 100 kacal ya shigo da ita, domin abin da ya ci shi yake sake zubawa.

A kan 9/6 matsakaiciyar asararsa dala 3.45 ce a awa. A kan 8/5 ta zama dala 20.25, kusan ninki shida. A kan 6/5 kuwa dala 37.50. Kujera ɗaya, wasa ɗaya, gajiya ɗaya. Shi ya sa 'yan gari a Las Vegas suka fi zuwa gidajen da ke unguwanni da tsohon tsakiyar birni, su bar wa baƙi na babban titin otal-otal, inda jadawalin ƙananan na'urori ya fi muni.

5. Idan na'ura na mayar da kashi 99.54, me ya sa kuɗi ke ƙarewa da wuri haka?

Saboda wani yanki na wannan kason a kulle yake cikin hannun da ba lallai ka gan shi ba. Jerin sarauta yakan zo sau ɗaya cikin hannu kusan 40,400, kimanin awa 67 na bugawa ke nan, kuma shi kaɗai ya riƙe kusan kashi 2 cikin 100 na abin da na'ura ke mayarwa. Muddin bai zo ba, wasan da kake bugawa na kashi 97.5 ne. Huɗu iri ɗaya ma, da ke zuwa sau ɗaya cikin hannu 423, yana riƙe da kusan kashi 6. Idan ya yi nisa a zaman yau, za ka ji a jikinka.

Akwai kuma ruɗin ƙararrawa. Kusan kashi 45 cikin 100 na hannuwa na'ura takan yi kiɗan nasara, amma kusan rabin waɗannan tagwayen manyan kati ne, wato kuɗinka aka miƙo maka ba ƙari. Hannun da ake samun riba ta gaske bai cika ɗaya cikin huɗu ba. Wanda ya fara tsara allon ya kira mayar da kuɗin mutum "ci" ya san halin ɗan Adam.

6. Mene ne hawa-da-sauka, kuma yaya ake auna shi?

Kason mayarwa yana gaya maka inda tafiya za ta ƙare idan ta yi tsawo sosai. Hawa-da-sauka yana gaya maka irin gargadar hanyar. Motoci biyu za su iya tashi daga tasha ɗaya zuwa gari ɗaya, ɗaya ta bi kwalta, ɗaya ta bi burji mai ramuka, kuma mai ƙaramin guziri na iya saukowa tun ba a kai rabi ba. Masu lissafi suna ba kowane wasa lamba: Jacks or Better 9/6 tana da kusan 19.5, Bonus Poker 8/5 kusan 20.9, Deuces Wild mai cikakken biya kusan 25.8, Double Bonus 10/7 kusan 28.3, Double Double Bonus 9/6 kuwa kusan 42. Girman lamba, girman gargada.

Ga yadda take a aljihu. A awa guda kan na'urar kwata, ma'aunin kaucewa daga matsakaici ya kai kimanin dala 135 a Jacks or Better, a Double Double Bonus kuma kusan dala 200. Kwatanta wannan da asarar dala 3.45 ta tambaya ta 4, za ka ga cewa a zama ɗaya sa'a ce ke magana, jadawali sai an daɗe ake jin muryarsa. Sai dai kada a ɗauka kaucewar daidai take hagu da dama. Manyan hannuwa 'yan kaɗan ne ke ɗaga matsakaicin, don haka yawancin zama suna ƙarewa ƙasa da shi, ƙalilan kuma su yi sama can. Wasan da lambarsa ta fi girma, zamansa marasa daɗi sun fi yawa kuma sun fi zurfi.

7. Double Double Bonus tana biyan kuɗi masu tsoka a kan huɗu iri ɗaya. Ba ta fi Jacks or Better ba?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace zuwa, kuma a nan ne ake yi wa rogo kallon kitse. Gaskiya ne farashin na sama abin sha'awa ne: huɗu iri ɗaya daga 5 zuwa Sarki na biyan 50 maimakon 25, huɗu na 2, 3 ko 4 na biyan 80, Es huɗu 160, idan kuma kati na biyar da ya raka Es huɗun 2 ne ko 3 ko 4, farashin ya kai 400, rabin jerin sarauta. To daga ina kuɗin ya fito? Sauko da idonka ƙasan jadawalin. Tagwaye biyu sun koma biyan 1 maimakon 2. Hannu ne da ke zuwa kusan sau ɗaya cikin takwas, kuma a Jacks or Better shi ke ɗauke da kwata guda na duk abin da na'ura ke mayarwa. An yanke abincin yau da kullum, an tara shi a tukunyar da ake buɗewa sau ɗaya cikin hannu kusan 16,000.

Bayan duk wannan, Double Double Bonus 9/6 kashi 98.98 take mayarwa, ƙasa da Jacks or Better 9/6, ga lambar gargada fiye da ninki biyu. Matsakaiciyar asara a kan kwata dala 7.65 ce a awa. Duk da haka tana cikin wasannin da suka fi farin jini a Amurka, domin mutane ba matsakaici suke saya ba, labarin ranar da Es huɗu suka faɗo suke saya. A ganina duk wanda ya zauna gabanta da dala 100 yana sa ran kwana a kujerar, bai karanta layin tagwaye biyu ba.

Tsaka-tsakin su biyun ita ce Bonus Poker 8/5. Ta bar tagwaye biyu a kan 2, ta ɗaga Es huɗu zuwa 80, huɗu na 2 zuwa 4 kuma 40, tana mayar da kashi 99.17 da gargada kusan irin ta Jacks or Better. A lura da tarkon lambobi: 8/5 a Bonus Poker jadawali ne mai kyau, 8/5 a Jacks or Better kuwa mummuna ne. Lambar ba ta da ma'ana sai an haɗa ta da sunan wasan.

8. Da gaske akwai na'urorin da ke mayar da fiye da kashi 100?

Akwai, a takarda da kuma 'yan wurare. Deuces Wild mai cikakken biya, inda kowane kati mai lamba 2 ke zama duk abin da kake so, tana mayar da kashi 100.76. Ana gane ta da biyan 5 a kan huɗu iri ɗaya, hannun da a wannan wasa ke zuwa kusan sau ɗaya cikin 15, wanda kuma ya ɗauki kusan sulusin abin da ake mayarwa. Da an mayar da 5 ɗin 4, labari ya sauya, sai an duba sauran layukan a ga me aka ƙara. Double Bonus 10/7 tana mayar da 100.17, Double Double Bonus 10/6 kuma 100.07.

Amma ruwa ba ya tsami banza. Gidajen da suka bar irin waɗannan sun san mafi yawan masu zama ba sa buga su daidai, kuma galibi a ƙaramin farashi ake samun su, sun kuma yi ƙaranci ƙwarai. Yi lissafin: kashi 0.76 na dala 750 dala 5.70 ne a awa, ƙasa da mafi ƙarancin albashin gwamnatin tarayyar Amurka, dala 7.25. Wannan ma sai ba kuskure ko ɗaya, sai kuma da jarin da zai jure tsawon fari. Masu harkar sukan ce a tanadi kuɗin jerin sarauta uku zuwa biyar, wato dala 3,000 zuwa 5,000 a kan kwata. A wasan da ke ƙasa da kashi 100 kuwa babu jarin da ya isa, yawansa yana jinkirta ƙarewarsa ne kawai.

9. Dole ne a cika kwandala biyar?

Kaso ya fi kyau da biyar, domin jerin sarauta na tsalle daga 250 zuwa 800 a kan kowace kwandala, jimla 4,000. Wanda bai cika ba, 9/6 ɗinsa ta sauko zuwa kashi 98.37. Saboda haka kwandala ɗaya a na'urar dala ta fi tsada a kan biyar a na'urar kwata: asarar kusan dala 9.80 a awa, ga ta can 3.45. Amma kwandala ɗaya a na'urar kwata asararta kusan dala 2.45 ce a awa, ƙasa da ta mai cika biyar. Kaso daban, adadin kuɗin da ke fita daban.

10. Kuskuren zaɓen kati nawa yake ci?

Duk kason da aka ambata a wannan shafi na wanda ke zaɓar mafi kyau ne cikin hanyoyi 32 na riƙe kowane hannu. Sau da yawa rijiya ta bayar, guga ne ke hanawa. A Jacks or Better ƙananan tagwaye sun fi babban kati ɗaya, amma sabon shiga sai ya zubar da 6 biyu ya riƙe Sarki. Riƙe Es a gefen tagwaye "don ko da" asara ce tsantsa. Kuma idan kana da alama ɗaya cikakkiya wadda huɗu daga cikinta na jerin sarauta ne, daidai shi ne ka fasa ta, ka bar biyan 6 da ke hannu ka nemi abin da matsakaicinsa ya haura 18. Zuciya ba ta son wannan, lissafi kuwa bai san zuciya ba.

Kowane wasa da dabararsa. A Deuces Wild mai cikakken biya, idan tagwaye biyu suka zo, ɗaya ake riƙewa a zubar da ɗayan, abin da zai zama wauta a Jacks or Better. Wannan ma dalili ne na zaɓe: dabarar Jacks or Better ta fi sauƙin haddacewa, ta Double Bonus kuwa cike take da togaciya, har wanda ya buga 100.17 da ka na iya ƙarewa ƙasa da mai buga 99.54 da kyau.

11. Na'urar da ta daɗe ba ta biya ba, ba ta kusa ba? Kuma ba a murɗa su?

Ba ta kusa ba. Kowane hannu sabon garwaya ne, na'ura ba ta tuna jiya. Mutum zai iya buga hannu 40,400 cur bai ga jerin sarauta ba, yiwuwar hakan kusan kashi 37 cikin 100 ce, kuma a hannu na gaba damarsa daidai take da ta wanda ya zauna yanzu.

Batun murɗiya, dokar Nevada ta wajabta cewa na'urar da ke kwaikwayon karta ta ba kowane kati dama irin ta kartar gaske. An taɓa karya ta: a 1989 hukumar kula da caca ta jihar ta gano kamfanin American Coin ya sauya manhajar na'urorinsa don hana jerin sarauta fitowa, aka ƙwace lasisinsa. Abin da ya fi wannan yawa a yau halattacce ne a dokance. A wasu gidajen ƙabilun asalin Amurka da filayen sukuwa na jihar New York akwai na'urori masu fuskar foka waɗanda a ciki bingo ne ko tikitin lotiri, sakamakon ya riga ya tabbata kafin ka taɓa maɓalli. A irin waɗannan jadawalin 9/6 ado ne, lissafin tambaya ta 3 bai shafe su ba. Haka duk wata manhajar waya da babu hukumar da ke binciken ta.

12. Ina matsayin na'urori masu tukunya mai ƙaruwa da masu hannu da yawa?

A na'ura mai tukunya, farashin jerin sarauta na hawa da kowane wasa har wani ya ci. Kowace kwandala 1,000 da ta ƙaru a kan 4,000 tana ƙara kusan rabin kashi ɗaya. Jacks or Better 9/6 tana kai kashi 100 idan tukunya ta kusa 4,900, 8/5 kuwa sai ta kusa 8,700. Yawancin masu tukunya a kan jadawali mara kyau aka gina su, kuma duk ƙarin yana cikin hannu ɗaya ne mai wuyar zuwa, don haka idan tukunya ta yi nisa gargadar takan fi ta kowane wasa a tambaya ta 6. Kana zubar da kashi kusan 5 a hanya, kana tsere da duk wanda ke layin.

Masu hannu 3, 5, 10 har 100 kuwa, katunan da ka riƙe ake kwafawa zuwa kowane layi, kowanne ya ja nasa daga kartarsa. Kason mayarwa bai sauya ba, na jadawalin ne. Abin da ke sauyawa shi ne kuɗin: hannu uku a kan kwata dala 3.75 ne a bugu ɗaya, kuma idan rabon farko ya lalace duk layukan sun lalace tare. Idan aka raba jimlar kuɗi ɗaya zuwa layuka da yawa masu ƙaramin farashi, gargada na raguwa, sai dai na'urorin santi 1 da santi 5 su ne aka fi yi wa yankan jadawali. Maɓallin ninkawa da ke fitowa bayan an ci shi ma haka: rabi da rabi ne ba ribar gida, gargada kawai yake ƙarawa.

13. Baƙon da ba mazaunin Amurka ba, ana biyansa abin da allo ya nuna?

Ba duka ba, idan cin babba ne. Dokar harajin Amurka tana sa gidan caca ya riƙe kashi 30 cikin 100 na abin da baƙo ya ci a na'ura, sai fa 'yan ƙasashen da ke da yarjejeniyar haraji da ta yafe wannan, irin su Ingila da Faransa. Najeriya da Nijar ba su da irin wannan yarjejeniya da Amurka. Idan na'ura ta kulle a kan babban ci, ma'aikaci zai zo da takarda ya nemi fasfo, jerin sarautar dala 4,000 ya koma 2,800 a hannu.

Wannan yana taɓa lissafin kansa. A na'urar dala, kashi 30 na kason da jerin sarauta ke riƙe da shi kusan kashi 0.6 ne, wanda ya fi ribar gidan a kan 9/6 gaba ɗaya. Ga baƙo, Jacks or Better 9/6 ta dala ta sauko ƙasa da kashi 99, Double Bonus 10/7 kuma ta bar sahun masu haura 100 da aka lissafa a tambaya ta 8.